Lamba Arba'in da Bakwai

A Glasgow ruwan sama ba ya sallama.
Na shiga asibiti da jiƙaƙƙen takalmi,
aka karɓe zobena da makullina da sulallan aljihu,
wai ƙarfe ba ya zuwa inda za ni.
Sunana ma a ƙofa na bar shi.
Struan ya zauna a benci yana jira,
lamba arba'in da bakwai ce ta samu wucewa.

Suka kwantar da ni, suka zura ni cikin na'ura,
farin rami mai amo kamar maƙera,
irin amon da ya cinye kunnen babana
shekara talatin yana ƙera jirage a bakin kogin Clyde.
"Kada ka motsa," in ji Dokta Ishbel.
Na yi dariya a ciki.
Wanda ya shekara goma sha ɗaya a sandare ƙarƙashin gada
ba a koya masa daskarewa.

Sai hotuna a ɗan madubi bisa idona.
Burodi. Kare a bakin teku. Kujera.
Wata tsohuwa tana shanya.
Sannan cokali.
Cokali ne kawai, mai baƙin gindi,
da ashana a gefensa,
amma yawuna ya tsinke, tafin hannuna ya jiƙe,
abin da na rantse na binne tun bara
ya ɗago kai ya ce mini sannu da zuwa.

Da aka fito da ni ta juyo allon wajena.
Ga ƙwaƙwalwata kamar farin kabeji da aka raba biyu,
can tsakiya wani ɗigo ya kama da ja.
"Nan ne," ta ce, ta nuna da bakin biro.
"Wurin da ke ce wa mutum ci, sha, koma gida.
Hodar ta koya masa sunanta
har ya mance sauran sunaye."

Na daɗe ina kallo.
Ɗigon bai kai ƙwayar wake ba.
Saboda shi na sayar da keken 'yata.
Saboda shi Euan ya kwanta a makewayin tashar jirgi
bai ƙara tashi ba.
Saboda shi uwata ta sauya kwaɗon ƙofa, tana yi tana kuka.
Na ce, "Dokta, kunya fa, ta ina take kamawa?"
Ta cire tabarau, ta murza idanu.
"Na'urarmu ba ta kai can ba tukuna."
Ban taɓa jin likita ya faɗi haka ba,
shi ya sa na ci gaba da dawowa.

Duk wata allura ɗaya a dantse.
Rabinmu sabon magani, rabi ruwan gishiri.
Ban san nawa ba, ita ma ba ta sani ba,
amsar na cikin ambulan a wani ofis a Edinburgh,
sai an shekara biyu za a buɗe.
Makaho ke jan makaho, in ji ta, kuma da gangan,
don kada buri ya yi mana ƙarya.
In ruwan gishiri ne rabona,
to, gishirina ma wani zai amfana,
wani da yanzu yake koyon ɗaure igiyar takalmi.

Na fito, na karɓi zobena da sunana.
A kwanar kantin magani yaron nan mai hula ya ɗaga mini gira.
Ɗigon ya kama. Na ji shi sarai.
Yanzu dai na san girmansa.
Na ƙirga taku sittin da biyu har bas ta tsaya.

Jiya na aika wa Mhairi saƙo, ta cika sha huɗu.
Kalma ɗaya ta maido: "To."
Na karanta ta ya fi sau ashirin.

Da dare na dafa shayi,
na zuba sukari, na juya, na juya,
sai da na kurɓa na lura
abin da ke hannuna tun ɗazu cokali ne,
ban kuwa ji komai ba sai ƙarar juyawa.